Fuskar da Na Ara wa Mugu

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na rana, zafin bazara ya kai inda ko kaji sun bar kiwo, sun lafe ƙarƙashin rumfata baki buɗe. Ba iska ko ta kaɗa ganye. Ina durƙushe gaban wani injin ban ruwa da na warware tun safe, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Da yatsa biyu na zaro ta. Lambar Inna Taibatu ce, matar kawuna, amma na san ba ita ta rubuta ba, don Inna ba ta rubutu a waya.

"Yaya Jibo ka zo gida yanzu don Allah. Baba ya karɓe wayata. Mutanen Dakko sun aiko. Kada ka kira."

Sau uku na karanta. Sannan na mayar da wayar aljihu, na ɗauki sifana, na ci gaba da ɗaure notin da na riga na ɗaure.

Masu karatu, bari in faɗa muku tun yanzu don kada ku ɓata tausayinku a kaina. Na san abin da ya sa mutanen Dakko suka aiko. Na fi wata guda ina jiran saƙon nan, kullum wayata ta yi motsi sai gabana ya faɗi.

Sunana Jibo. Gyaran injin ban ruwa nake yi a Talata Mafara, bakin hanyar da ta nufi Bakura. Karatuna bai wuce aji biyu na ƙaramar sakandare ba. Murja kuwa, wadda ta turo saƙon, ɗiyar Kawu Barau ce, yayan mahaifiyata. Taubashiyata ce ke nan, tun muna yara ba ta da aiki sai tsokanata. In na shiga gidansu sai ta ce, "Inna, a naɗe tabarma, ga sarkin baƙin mai nan." Ni kuma in ce, "Malama mai ƙarya da lasin, yau wa kika kashe a littafi?"

Don Murja rubutu take yi. Tana da zaure a Wasap, mutum sun fi ɗari bakwai, duk Talata da Juma'a take saka musu babi. Ba irin labaran da kuka saba ba ne na ɗan Alhaji da mota. Ita wani gari ta ƙirƙira da babu shi a duniya, Birnin Zarwa, a kan wani dutse mai tsawo, a ƙasar da rana biyu ke fitowa.

Da farko labarin bai karɓu ba. Wata rana na same ta zaune bakin ɗakin girki, sanye da hijabin nan nata ruwan ƙasa da gefensa ya fara zare, ta haɗe rai tana kallon waya. Ta miƙo mini. Wata mai karatu ce ta rubuta: "Anti Murja, wai mutanen garin nan iska suke sha? Babi tara ban ga wanda ya ɗebo ruwa ba."

Na yi dariya har na zauna a kan turmi.

"Dariya ma kake yi?"

"To ai gaskiya ta faɗa. Garin naki a kan dutse yake?"

"Eh."

"Kogin yana ƙasa?"

"Can ƙasa, tafiyar yini."

"To da me suke wanka?"

"Yaya Jibo, labari ne fa."

"Su mutanen labari ba su zagayawa bayan gida?"

Ta jefe ni da murfin kwano. Amma da yamma sai ga saƙonta: "To in kai ne, ya za ka kai ruwa saman dutse?"

Ni rubutu yana yi mini nauyi, sai na riƙa aika mata da murya. Na ce mata inji ɗaya ba zai iya ba, sai dai hawa-hawa, wannan ya zuba a tafki, na gaba ya ɗauka. Na ce mata kuma abin da duk mai noman rani ya sani: inji ba ya ba ka ruwa sai ka fara ba shi. Sai ka ɗura masa ya cika ciki, in ba haka ba iska kawai zai yi ta ja har ya ƙone.

Wannan 'yar maganar da ko yaron shago ba zai tsaya saurare ba, Murja ta ɗauke ta ta gina gari a kanta. A Birnin Zarwa, kafin a tayar da babban injin tagulla, kowane gida sai ya kawo ƙwarya guda daga ruwan da ya rage masa, a zuba. Gidan da aka yi wa mutuwa su ke fara zubawa. Babban zagi a garin shi ne a ce maka ɗan gidan da bai zuba ba. Ranar da ta saka wannan babi, zauren nan kamar zai tsage.

Daga nan muka ɗora. Na ce in rana biyu ce, to kowa inuwa biyu gare shi, kuma duk ba su da kauri, mai fura a ina za ta zauna? Ta ce kasuwar garin ba ta ci sai a inda inuwar dutse biyu suka haɗu, kuma kullum wurin yana matsawa, kasuwar tana binsa. Na tambaye ta wa ke kwashe shara. Na tambaye ta me ake ba mai jego. Na ce in babu itace a kan dutse, da me ake girki, da me ake rufe kabari? Wani lokaci ta ji haushi, ta turo mini hoton fuska mai harara, bayan awa guda kuma ta dawo da amsa. Ta taɓa ce mini, "Ashe ƙarya ma sai da tubalin gaskiya take tsayawa."

Ban taɓa sanin abin da ke kaina yana da daraja ba sai a wannan lokaci. Ina kwance ƙarƙashin inji, ina tunanin yadda za a yi wa Birnin Zarwa magudana.

Ba sai na faɗa muku ina sonta ba. Dada, mahaifiyata, ta riga kowa ganewa. Sau nawa tana cewa, "Jibo, ɗiyar ɗan'uwana ce, kalma guda zan yi. Ka ce in tahi." Ni kuma in ce a bari in ƙara gyara shago, a bari in yi ɗaki na biyu. Gaskiyar ita ce ina kallon hannuna, ina kallon nata mai riƙe biro, sai bakina ya mutu. Dada ta ce, "Tsaya kallon ruwa, kwaɗo ya yi maka ƙafa."

Kwaɗon kuwa ya zo, da farar shadda da agogo. Shamsuddeen sunansa, malamin gona ne a Bakura, asalin gidansu Dakko. Wallahi ba ni da abin da zan faɗa a kansa. Ya gaida manya, ba ya ɗaga murya, kuma Murja in an ambace shi sai ta fara gyaran ɗankwali ba dalili. Ba wanda ya tilasta mata. Cikin wata huɗu aka sa rana.

Abin da Murja ba ta sani ba shi ne na san gidansu Shamsuddeen fiye da yadda ta san su. Rani biyu ina yi musu gyaran inji a Dakko, wani zubin in kwana uku a zaurensu. Ita ko ba ta taɓa taka garin ba, kun san yarinya ba ta zuwa gidan surukai kafin a kai ta.

Wata Laraba ta turo: "Yaya Jibo, mugayena ba su da rai. Masu Makulli, masu tsaron ƙofar ruwa, su za su riƙa satar ruwan gari. Amma na rubuta su kamar an zana da gawayi. Ka ba ni abin da zai sa a ji kamar an taɓa ganin su."

A ranar ne Dada ta dawo daga gidan Kawu tana ba ni labarin akwatunan da ake shirin kawowa. Ba na kawo wannan don ya wanke ni. Ina faɗa ne don ku san inda zuciyata take sa'ad da na danna wurin ɗaukar murya.

Na ce mata tsofaffin gidan su kasance da tsaga biyu gajeru ƙarƙashin idon hagu, ɗaya a haɓa. Na ce kada su ci tarwaɗa, wai ita ta ceci kakansu a kogi. Na ce a ƙofar gidansu a sa kurna mai rassa biyu. Shugabansu kuma ya zama mai yatsu uku a hannun dama, ya riƙa gaisawa da mutane yana dafa ƙirji, kuma in zai yanke magana ya ce, "Ruwa ba shi da dangi."

Duk wannan Tsoho Hamma ne, kakan Shamsuddeen. Ban canja ko tsaga ɗaya ba. Mutumin da in ina aiki a gonarsu shi da kansa yake kawo mini fura a ƙwarya, ya ce, "Sha, ɗan Mafara, inji ba shi gudu."

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A Dakko akwai tsohuwar magana da ba a yi sai a raɗa. Wata shekara da ruwa ya yi ƙaranci, tun kafin a haife ni, an wayi gari an buɗe ƙofar ruwa ba ranar rabonta ba, gonakin wasu suka bushe. Ba a kama kowa ba. Amma a makon ne Hamma ya rasa yatsu biyu, ya ce inji ne. Shekaru gidan suna fama kafin maganar ta kwanta. Na san wannan sarai, na kuma ɗauki fuskarsa na manna wa ɓarawon ruwa.

Murja ta turo mini hoton tafi har guda biyar. "Kai! Yaya Jibo, a ina kake samo irin waɗannan? Kamar ina ganin tsohon."

Na rubuta mata: "Daga kaina."

Me nake so ya faru? Na tambayi kaina wannan har na gaji. Ban zauna na tsara a fasa aure ba. Na dai ajiye ƙaya a hanya, na kau da kai. Babi shida Sarkin Makulli yana sata, yana dafa ƙirji, masu karatu suna tsine masa. Kowace Talata ina cewa yau zan gaya mata ta canja. Kowace Talata ina yin shiru.

To, ranar nan ta bazara na wanke hannu da fetur da omo, na hau babur na tafi.

Na tarar da Kawu Barau zaune a kan buzunsa a tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya, abin da ba ya yi da rana. Wayar Murja tana gabansa a kife, mai jan kwanso da 'yar igiya. Inna Taibatu tana bakin ƙofar ɗaki ta yi tagumi. Murja na durƙushe can gefe, atamfarta kore duk ta jiƙe da zufa a baya, idonta ya kumbura.

Na durƙusa na gaida shi. Ya amsa gaisuwar duka, har da tambayar Dada da shago, don Kawu ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Sannan ya ce, "Ka ji abin da ƙanwarka ta jawo muna?"

Inna ce ta ba ni labari. Ashe Bushra, ƙanwar Shamsuddeen, tana cikin zauren tun bara. Ta karanta ta yi shiru, har wata ƙawarta ta tura babin a zauren matan Dakko, aka rubuta a ƙasa: "Ku zo ku ga amarya ta san surukanta." Da safen nan baffan Shamsuddeen ya zo da kansa. Bai zauna ba. Ya ce a dakata da maganar kawo kaya, sai sun yi shawara.

Kawu ya juya wurin Murja. "Ina ƙara tambayarki. Wa ya ba ki labarin gidan mutane?"

"Baba, daga kaina na ƙirƙira."

"Daga kanki kinka ƙirƙiri yatsu ukku? Daga kanki kinka shuka kurna ƙofar gidansu?"

"Dacewa ce, Baba."

"Dacewa." Ya girgiza kai. "Mutane sunka zo da mutunci neman ɗiyata, ita ko tana zaune tana yi musu waƙar ɓarayi gaban duniya. Mi sunka yi miki?"

Ba ta ko kalli inda nake ba. Da ta kalle ni sau ɗaya, da wataƙila na yi magana. Haka nake gaya wa kaina.

Sai Kawu ya ce, "Jibo, kai ka yi aiki Dakko. Wanga tsoho da ta rubuta, haka Hamma yake?"

Masu karatu, ga ƙofa an buɗe mini har bango.

Na ce, "Haka yake, Kawu."

Iyakar abin da na ce ke nan.

Kawu ya ɗauki wayar ya miƙo mini. "Kai ka san kan waɗanga abubuwa. Ka tahi da ita ka wanke ta tas, kada ka bar ko harafi. Rubutu ko, in dai ina da rai, an gama shi gidan nan."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce sai dai gobe, don aikin yana ɗaukar lokaci. Ya ce goben ta yi.

Ina tura babur a zaure sai na ji takunta. Ta tsaya daga ciki, rabin jikinta a bayan labule.

"Yaya Jibo."

"Na'am."

"Mantawa ka yi, ko? Ka gan su tun da daɗewa, abin ya zauna maka a kai, ka ɗauka naka ne. Ni ma yana faruwa da ni."

Ita ce ke gina mini hanyar gudu da hannunta. Na dubi tayar babur na ce, "Wataƙila haka ne."

"Na sani. Shi ya sa ban ambace ka ba, kada Baba ya haɗa da kai." Ta ja hanci, sai kuma ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ka san ranar da na yi wa Shamsu farfesun tarwaɗa ya ce olsa ke damunsa? Ni ko har da tura masa sunan magani."

Ban iya dariya ba.

"Ya ƙi ɗaukar kiran Inna," ta ce. "Kuma na bar Gimbiyar Birnin Zarwa a cikin rijiya. Babi na gaba ne za ta fito. Shekara biyu, Yaya Jibo. Ban da labarin a ko'ina sai cikin wayar nan."

"Ki shiga ciki, Murja."

"In za ka goge, kada ka gaya mini lokacin."

Ban goge ba. Ban kuma ci tuwon Dada ba, har ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Washegari da hantsi, bayan na ji masu motar Bakura sun ce hanya lafiya, na sa wayar Murja a aljihun gaba na kama hanyar Dakko.

Tun daga nesa na hango kurnar. Tsoho Hamma yana ƙarƙashinta a kan tabarma, yana tufka igiya da yatsun nan uku, ya danne bakin igiyar da babban yatsan ƙafa. Shamsuddeen yana gefensa a kan benci, ba shadda yau, wata tsohuwar riga ce mai dogon hannu.

Tsoho ya washe baki. "A'a, ɗan Mafara! Inji ne ya kira ka ko fura?"

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi mahaifiyata da bai taɓa gani ba. Ya leƙa zaure ya ce a dama fura. Na ce, "Baba, a bar furar. In ka ji abin da ya kawo ni ba za ka so in sha ba."

Na faɗa musu. Ban iya tsara magana ba, na fara daga tsakiya na koma farko. Na ce Murja ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba ta san kurna ba, ba ta san maganar ƙofar ruwa ba. Na ce ni na ba ta, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina sane. Na ciro wayata na kunna muryar da na aika mata. Muryata ta fito ƙarƙashin kurnar nan tana lissafa tsagar mutumin da ke zaune gabana. Ban taɓa jin abu mai muni kamar muryata a ranar ba.

Shamsuddeen ya miƙe tsaye. Na ɗauka duka ne, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

"Don me?" ya ce.

Na kife wayata a kan tabarma.

"Malam, tambayarka nake. Me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba. Sonta nake."

Karo na farko ke nan da kalmar ta fita bakina, kuma ga wanda ta faɗa wa.

"Ta sani?"

"A'a."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya koma ya zauna, ya juya mini gefe.

Tsoho Hamma bai bar tufkarsa ba. Sai da ya kai ƙarshen zaren ya ɗaure, sannan ya ce, "Kwana nawa ka yi zauren nan, in an haɗa?"

"Za su kai ashirin, Baba."

"Ashirin." Ya gyaɗa kai. "Ashe kallo kaka yi."

Na sunkuyar da kai. Hawaye suna ɗiga a kan tabarmarsa, ina jin kunyar su ma.

"Bushra ta karanta min littahin," ya ce. "Duka, har da babi shiddan nan. Matan gida suna kuka, ni ko ina saurare. Yarinyar ta iya. Wancan zance na ƙwarya, kowane gida shi zuba, har na ce a maimaita min. Amma ɓarawon nata ba daidai yake ba."

Shamsuddeen ya ce, "Kaka, don Allah."

"Bari in gama. Mutum shina satar ruwa babi shidda, ba a nuna muna gonarshi ba. Mi yaka yi da ruwan? Sha yakai? Ba wanda ka tashi shi kama ƙarhen ƙohwa don mugunta kawai." Ya ɗaga hannun nan na dama, ya juya shi a rana. "Ni na buɗe ta."

Shamsuddeen ya zuba wa kakansa ido, da gani shi ma yau ya fara ji.

"Gonarmu tana sama, ruwa bai taɓa yanke muna ba. Na ƙarshen layi ne shinkafarsu ka mutuwa, gida tara. Kada ka ɗauke ni waliyyi, uban yarinyar da nika nema shina cikinsu. Na buɗe, ƙarhe ya cinye min yatsu, gonakin wasu bayin Allah sunka bushe a madadin. Har yau in na gamu da jikokinsu sai in sake hanya." Ya ɗan murmusa. "Yarinyar ma ba a ba ni ita ba."

Ya jawo wani zaren ya fara sabuwar tufka.

"Maganar aure ba tawa ce ni kaɗai ba. Uwar yaro ta ji ciwo, sai an bi ta a hankali, kuma ban yi maka alkawari ba. Amma Barau zan kira shi yanzu in ce ɗiyarshi ba ta da laihi. In ce kuma kada a taɓa littahin, in dai don ni ne. Ta ƙarasa abinta, ta ba mutumin nan gona."

"Na gode, Baba."

"Kada ka gode, ban gama ba. Ba ni zan faɗi sunanka ba. Kai za ka tahi ka faɗa da bakinka, gaban kawunka, gaban yarinyar, yadda ka faɗa nan. Har da dalilin."

"To, Baba."

"Injinmu ko, akwai mai gyara a Bakura. Ka huta."

Wannan ta fi mari zafi, kuma daidai ce. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Furar da aka dama tana bakin zaure an rufe da faifai, na wuce ta.

Bayan gari kaɗan akwai inda ruwan gona ya ɓalle ya ratsa hanya. Da zuwa na bi ta gefe. Da komowa hankalina ba ya jikina, ina ta jera yadda zan fara, ko in ce Kawu, ko in ce Murja, ko in fara ajiye wayar a gabanta. Sai ji na yi tayar baya ta nutse har rabi. Na ba da wuta, laka ta yi ta feshi, babur bai motsa ba. Na sauka na ja, takalmina ɗaya ya maƙale. Na tsaya a tsakiyar taɓo, rana a ka, ba kowa a hanya.

Sai na ji babur a bayana. Shamsuddeen ne, ya nufi Bakura. Ya rage gudu, ya bi ta gefen da ya bushe, ya wuce ni. Ya yi kamar taku ashirin sannan ya tsaya.

Ya kafe babur ɗinsa. Ya naɗe ƙafar wando, ya naɗe hannun riga, ya shigo cikin lakar. Ya kama ƙarfen bayan sirdi, ya yi mini alama da haɓa in hau. Na hau na ba da wuta, ya tura, taɓo ya wanke masa gaban riga har wuya. Tayar ta kama ƙasa.

Kafin in juyo ya riga ya koma. Ya sunkuya ya zaro takalmina daga laka, ya jefo shi gefen hanya inda zan iya ɗauka, ya goge hannu a ciyawa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na sa takalmin haka nan da lakarsa, na kama hanyar Mafara.